Ɗigo Ɗaya a Idon Kaza

Duk mai kiwon kaji a ƙasar Hausa ya san abin da hunturu kan zo da shi. Iska ta bushe, hazo ya sauko, 'yan kasuwa na ta jigilar kaji daga ƙauye zuwa birni, sai a wayi gari kaza ɗaya ta takure a gindin katanga, fuka-fukanta a sake, tana numfashi baki buɗe. Kashegari a ga koren zawo a akurki. Kafin mako ya zagayo gida ya yi tsit, wadda ta sha da ƙyar kuma wuyanta ya murɗe. Wannan ita ce annobar da likitocin dabbobi ke kira cutar Niyukasil, da sunan wani gari na Ingila inda ta ɓulla a 1926, shekarar da aka gan ta a tsibirin Jaba na Indunusiya. A Najeriya an fara tabbatar da ita a Ibadan, a ƙarshen 1952. Ƙwayar bairas ce ke kawo ta, don haka duk kafson da za a fasa a zuba a ruwan kaji, ja ne ko rawaya, bai isa ya taɓa ta ba. In nau'inta mai zafi ya faɗa wa garken da ba a yi wa rigakafi ba, yana iya share shi kaf.

Akwai mutanen da sana'arsu ita ce tare wa wannan annoba hanya, kuma aikinsu ya isa a zauna a kalle shi daki-daki. Kashi biyu ne. Na farko, a kai rigakafi da ransa har cikin jikin kaza. Na biyu, a dawo bayan makonni a tambayi jinin kazar ko saƙo ya isa. Da yawa sun san na farko, kaɗan ne suka taɓa jin labarin na biyu, alhali shi ke raba gwani da mai kame-kame.

Abin da ke gindin 'yar kwalbar rigakafi wani ɗan farin dunƙule ne busasshe. Ƙwayar cutar ce da kanta, rayayyiya, amma daga dangin da ba su da dafi. In ta shiga jikin kaza takan ɗan hayayyafa, jiki ya gane kamanninta, ya ƙera sinadaran garkuwa waɗanda za su cafke 'yar'uwarta mai kisa duk ranar da ta zo. Irin da masu gidajen gona suka fi ambato, LaSota, sunan wani manomi ne na jihar Niyu Jasi a Amurka, wanda daga kajinsa aka samo ƙwayar a 1946. A cikin ƙwai ake renonta. A ɗauko ƙwan da ɗan tsakon cikinsa ya kwana 9 zuwa 11, a haska shi da fitila, a huda ɓawon, a tsiyaya ƙwayar cikin ruwan da ke kewaye da tsakon, a liƙe, a mayar cikin ɗumi na kimanin kwana 4. Sai a zuƙo ruwan, wanda yanzu ya cika maƙil da ita, a gwada ƙarfinsa, a daskarar, a busar. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana cikin masu wannan aiki.

Abu mai rai kuwa yana mutuwa, kuma babban mai kashe wannan shi ne zafi. Ƙa'ida ita ce ya zauna a firji, tsakanin digiri 2 da 8, tun daga inda aka haɗa shi har ranar aiki. A ƙauyen da ba lantarki, wannan sharaɗi ya daɗe yana hana kajin gida samun kariya. Sauƙi ya zo daga Ostireliya, inda Farfesa Peter Spradbrow da abokan aikinsa a Jami'ar Kwinsland suka zaɓo wani iri mai jure zafi, suka sa masa suna I-2, aka riƙa ba ƙasashe masu tasowa tushensa kyauta domin su haɗa da kansu. Vom na haɗa shi. Yakan yi kwanaki ba firji in an kula da shi, amma ya lalace da wuri in an yar da shi a rana ko a kan tankin babur.

A garuruwa da yawa mace ce ta fi dacewa da kai shi gida-gida, domin kajin na mata ne, kuma a cikin gida suke, inda baƙo namiji ba ya shiga kai tsaye. Aikinta na farawa tun kafin ta taɓa kwalba. Ba a fafe gora ranar tafiya: garkuwa na bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ta kafu, don haka takan sa ranar rigakafi kamar wata guda kafin lokacin da annoba ta saba zuwa, tun ana cikin kaka. Takan zaga ta ƙirga kaji don ta san kwalba nawa za ta saya. A kowane gida, bayan gaisuwa, sai ta tambaya: "Inna, akwai wadda ta takure a cikinsu? Ko wata ta mutu a kwanakin nan?" In aka ce akwai, takan ba da haƙuri ta wuce. Kazar da cutar ta riga ta shiga, rigakafi ba zai fisshe ta ba, kuma in ta mutu shi za a ɗora wa laifi. Ita kanta mai rigakafin tana iya kwasar ƙwayar a tafin takalmi ta kai gidan da ke zaune lafiya. In kuwa lafiya lau ne, sai ta roƙi a rufe kajin tun dare, kada a sake su da safe.

Da sassafe take fita. In tana da kula da ƙanƙara, madalla. In babu, takan naɗe kwalbar a jiƙaƙƙen tsumma na auduga ta sa a kwando mai shan iska, domin ruwan da ke bushewa daga tsumman shi ke janye zafi; a gida kuma ma'ajiyarta gindin randa. A inuwa take zama ta haɗa. Ta duba ranar ƙarewar aiki a jikin kwalba. Ta auna ruwan haɗi da sirinji, wanda ya zo tare da rigakafin ko wanda aka tafasa ya huce sarai. Ruwan famfo mai kulorin ba ya shiga nan, domin sinadarin da ke tsabtace ruwan sha ba ya ware ƙwayar rigakafi daga ta cuta. Ta juya kwalbar har dunƙulen ya narke, ta zuba a 'yar robar ɗigawa. Robobin nan bakinsu ba ɗaya ba ne, shi ya sa gwana takan gwada tata tun da wuri da ruwa zalla, ta ƙirga ɗigo nawa mililita ɗaya ke bayarwa, yawanci wajen 30, daga nan ta san yawan ruwan da zai isa adadin kajin da aka rubuta a kwalbar. In ɗigon ya cika girma, rigakafi ya ƙare kaji ba su ƙare ba. In ya yi ƙanƙanta, kowace kaza ta samu ƙasa da rabonta.

Sai kamu. Yaro ya ciro kaza daga akurki, ya haɗa ƙafafu da fuka-fukai, ya kwantar da ita a gefe. Mai rigakafi ta tallafe kan da hannun hagu, ido ɗaya na kallon sama. Robar na hannun dama, a tsaye cak, bakinta ƙasa, don in aka karkata ta girman ɗigon ya canza, kuma ba ta barin bakin ya taɓa idon. Ta matsa, ɗigo ɗaya. Sannan ta dakata, kuma a wannan dakatawar ta daƙiƙa biyu ko uku gwanintar take. Ɗigon zai taru a kan idon, kaza ta ƙifta, ruwan ya shige, sai a ga maƙogwaronta ya motsa. Sai an ga ta haɗiye ake sakinta, kuma waje ake sakinta, kada ta cakuɗe da waɗanda ba a yi wa ba. In ta girgiza kai ɗigon ya fantsale, a sake ɗiga wani, ƙarin ba ya cutarwa. Ɗan tsakon da aka ƙyanƙyashe jiya da tsohon zakara, duk ɗigo ɗaya ne.

Zaɓen ido da dalili. A bayan ƙwayar idon kaza akwai wani ɗan ƙullutu cike da ƙwayoyin da ke ƙera garkuwa, daga idon kuma wata siririyar kafa na sauka cikin hanci da maƙogwaro. Ta nan cutar ke shigowa, don haka ɗigon na kafa kariya a daidai mashigarta. Kafin ta bar gidan, mai rigakafi takan rubuta sunan mai kaji da adadinsu da kwanan wata da lambar kwalba, ta wanke hannu da sabulu, domin ƙwayar in ta shiga idon mutum tana sa shi ja na 'yan kwanaki. Ta gaya wa matar gida gaskiya: wannan na annoba ɗaya ne, ba ya hana ƙuraje ko tsutsar ciki, kuma bayan wata 4 za ta dawo, domin garkuwa na raguwa, sababbin 'yan tsaki kuma na fitowa.

A gidan gona mai dubban kaji sau da yawa ta ruwan sha ake bi. Ga mai kallo ya fi sauƙi, amma a nan sakaci ya fi samun wurin ɓuya. Mai kula yakan ɗauraye mazuban ruwa da ruwa zalla, ya janye ruwa awa ɗaya zuwa biyu har kaji su ji ƙishi. Ya dama madarar gari marar maiƙo, kamar giram 2 a kowace lita, domin ta kare ƙwayar daga ragowar kulorin. Ya auna ruwan da za su shanye cikin awa biyu, ya ƙara yawan mazubai, sannan ya riƙa zagayawa yana tayar da waɗanda suka kwanta a lungu. Wasu kan sa shuɗin launi a ruwan, daga baya su buɗe bakin kaji su duba harshe. Wani kuwa sai ya juye kwalba a bokitin ruwan famfo da tsakar rana, ya zuba, ya koma inuwa ya zauna. Kuɗin da suka kashe ɗaya ne, kuma a ranar kajinsu kamarsu ɗaya.

Matsalar rigakafi ke nan, ba a ganin aikinsa. Na ƙurajen kaji dai yana barin shaida: ana soke fatar fiffike da allura mai baki biyu, bayan kwana 7 zuwa 10 in wurin ya ɗan kumbura ya yi ɓawo, to ya kama. Na Niyukasil ba ya barin tabo. Ko dai a jira annoba ta zo ta ba da amsa, ko a tambayi jini. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Mako 2 zuwa 3 bayan rigakafi ake ɗibar jinin. Kaji 20 zuwa 30 sun isa su yi magana da yawun garke, muddin an tsinto su daga kowane sashe, ba waɗanda suka fi sauƙin kamawa kaɗai ba. A kwantar da kaza, a buɗe fiffike, a fige 'yan gashin da ke kusa da gaɓarsa, sai ga jijiya shuɗiya kwance a ƙarƙashin fata. Ana shigar da siririyar allura kusan a kwance, a ja a hankali ƙwarai, domin in aka yi gaggawa jijiyar sai ta lotsa, ko jini ya taru a ƙarƙashin fata. Mililita 1 zuwa 2 ya wadatar. A danne wurin da auduga, a saki kaza. Sirinjin kuma a ja masa 'yar iska, a jingine shi a karkace a inuwa. Cikin sa'o'i jinin ya daskare ya janye jikinsa, wani ruwa garai-garai mai ɗan rawaya ya fito a kansa. Wannan ruwan jinin ake nema, a cikinsa sinadaran garkuwa suke. A tsiyaye shi, a rubuta masa lamba, a sa a sanyi, a kai ɗakin gwaji, irin na Vom ko na tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Gwajin ya dogara ne a kan wata ɗabi'a ta ƙwayar cutar. A jikinta akwai 'yan ƙayoyi masu manne wa jajayen ƙwayoyin jini. In aka haɗa su takan kama wannan ta kama wancan har su sarƙe su zama shimfiɗa guda. George Hirst ya gano haka a ƙwayar mura a 1941, Macfarlane Burnet ya nuna ta Niyukasil ma haka take a 1942. To in akwai sinadaran garkuwa a wurin, sukan riga su rufe ƙayoyin, ƙwayar ta kasa kama komai, jajayen ƙwayoyin su zauna a sake. Gwajin hana sarƙewar jini ke nan, wanda ma'aikata ke taƙaitawa da HI.

Kayan aikin ba su da yawa. Farantin roba mai gurabe 96, layi 8, kowanne da gurbi 12, gindin kowane gurbi a tsuke zuwa tsini. Bututun awo mai zuƙar kashi ɗaya cikin 40 na mililita. Ruwan gishiri da aka daidaita da na jikin dabba. Jajayen ƙwayoyin jini daga kaji aƙalla 3 marasa garkuwar cutar, waɗanda aka wanke sau 3 a na'ura mai juyawa, aka tsinka zuwa kashi 1 cikin 100. Sai ƙwayar cutar. Kafin ma'aikaci ya taɓa ruwan jinin kowace kaza, ƙwayar yake fara aunawa a ranar: ya yi ta tsinka ta har ya gano mafi ƙarancin da ke iya sarƙe jini, ya kira wannan awo ɗaya, sannan ya haɗa mai ƙarfin awo 4. In ya tsallake wannan mataki, duk lissafin da zai biyo baya ba shi da tushe.

Kowace kaza layi ɗaya gare ta. Ya sa ɗigon ruwan gishiri a kowane gurbi. Ya sa ɗigon ruwan jinin a gurbi na farko, ya zuƙa ya fesar sau da yawa har su gauraya, ya ɗebi ɗigo ɗaya daga nan ya kai na biyu, ya gauraya, ya ɗebi ɗaya ya kai na uku, haka har ƙarshen layi. Kowane gurbi na da rabin ƙarfin wanda ya gabace shi: na farko kashi ɗaya cikin 2, na biyu cikin 4, na uku cikin 8, na huɗu cikin 16. Kamar mai tsinka fura ce, tana ƙara ruwa tana ɗanɗanawa: wadda aka dama da kauri takan sha ruwa da yawa kafin ɗanɗanonta ya ɓace, tsinkakkiya kuwa tun a ludayi na biyu ta zama ruwa. Tambayar da ake yi wa jinin ita ce, sau nawa za a raba ka biyu kafin ka kasa tare cutar?

Sai ya ɗiga ƙwayar cutar a kowane gurbi, ya ba su minti 30. Ya ɗiga jajayen ƙwayoyin, ya ɗan bubbuga gefen farantin, ya rufe, ya ajiye a kan teburin da ba ya motsi na kimanin minti 40. A gefe ya tanadi shaidu: ruwan jinin da aka san yana da garkuwa, wanda aka san ba shi da ita, da gurbin da ba komai ciki sai jajayen ƙwayoyi. In shaidun suka saɓa wa abin da aka sani, farantin duka ya tashi a banza, sai a sake daga farko. In lokaci ya cika, ya ɗaga farantin ya karkata shi a gaban haske. Inda garkuwa ta yi aiki, jajayen ƙwayoyin sun gangara sun taru a tsinin gurbi, ɗigo ja ƙarami, kuma da an karkata sai ya ziraro ƙasa. Inda ta kasa, jinin ya sarƙe ya shimfiɗu a gindin gurbin, ba ya zirara. Sai ya bi layi da ido daga hagu: ya ziraro, ya ziraro, ya ziraro, har inda ya tsaya. Lambar gurbin ƙarshe da ya ziraro ita ce makin kazar.

Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya na ɗaukar maki 4, wato kashi ɗaya cikin 16, a matsayin tabbacin akwai garkuwa in an yi gwajin da awo 4. Masu aiki da kajin ƙauye da yawa na ganin daga maki 3 kaza ta fara samun kariya daga mutuwa. Amma gwani farantin gaba ɗaya yake karantawa. In layukan sun tsaya kusa da juna, a 5 da 6 da 7, hannun da ya yi rigakafin ya yi daidai. In wasu na 7 wasu na 1, a wurin rabo aka samu matsala: ƙarfafa sun sha, raunana sun rasa. In duka sun faɗi ƙasa, sai a bi sawu. Ko zafi ya kashe rigakafin a hanya, ko kulorin, ko abincin kaji ya yi funfuna, ko cutar Gumboro ta riga ta lalata 'yar jakar da ke saman duburar tsako, inda ƙwayoyin ƙera garkuwa ke girma. In kuwa maki ya haura ƙwarai a garken da ɗigo ko ruwa kaɗai aka ba shi, alama ce cutar kanta ta ratsa, ko da ba a ga gawa ba.

Jini kan kuma faɗi ranar da ta dace. Kaza mai garkuwa tana zuba wa 'ya'yanta rabo a cikin gwaiduwa, tsako ya fito da kariyar uwa, wadda ke raguwa da rabi kowane kwana 3 zuwa 6, gwargwadon irin kazar. Wannan gado na kare shi, amma yana iya kashe rigakafin da aka ba shi da wuri, musamman na Gumboro. A yi sauri a yi asara, a makara cuta ta riga. Shi ya sa manyan gidajen gona ke auna jinin 'yan tsaki a kwanakin farko da wani gwaji mai canza launi, ELISA, su lissafa ranar da garkuwar uwa za ta sauka daidai inda rigakafi zai kama.

Ma'aikacin kirki ya san iyakar farantinsa. Garkuwar da ke cikin jini yake aunawa, ban da wadda ke zaune a ido da hanci, don haka kazar da aka ɗiga wa tana iya nuna ƙaramin maki ta kuma tsira. Ya san rigakafi na hana mutuwa, amma ba lallai ya hana kaza ɗaukar ƙwayar ta yaɗa ba, shi ya sa yake nanata tsabtar akurki da ware kazar da aka sayo a kasuwa har mako biyu.

Abin da ya fi burge ni a wannan sana'a shi ne masu ita sun yarda a binciki aikin hannunsu. Matar da ta naɗe kwalba, ta ƙirga ɗigo, ta jira haɗiya, ita ce kuma ke riƙe fiffike a ɗebi jinin da zai iya nuna aikinta bai kama ba. In sakamako ya dawo da rauni, ta buɗe littafinta ta bi lambar kwalba da kwanan wata har ta gano inda aka samu giɓi, ta gyara a zagaye na gaba. Ba kowane gida ne zai iya biyan kuɗin gwaji ba, kuma ba sai kowane gida ya biya ba. Masu kiwo a gari ɗaya na iya haɗa hannu a ɗebi jinin kaji 30 sau ɗaya a shekara, amsar ta amfani kowa. A gidaje da yawa kaza ce kuɗin makaranta da na asibiti, ita ce jarin matar da ba ta da gona. Dukiya irin wannan ta fi ƙarfin a bar ta a hannun zato, alhali akwai masu iya aunawa.